Gafakar Malam Ɗalhatu da Faifan Haske

Da sunan Allah muke buɗewa. Ku gyara zama ku saurara da kyau, domin idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

Malam Ɗalhatu ya gaji littattafan rubutun hannu daga mahaifinsa, waɗanda suka cika akwatuna tara. Mafi soyuwa a gare shi shi ne sharhin da mahaifin ya rubuta da kansa, wanda ke cikin wata tsohuwar gafaka ta jar fata. Da shekaru suka ja, ganin Malam ya raunana, gara ta shiga akwatunan. A wata damina kuma rufin ɗakin ya yi yoyo, aka kwashe takardun da gaggawa, har da na cikin gafakar, aka shanya a tsakar gida, suka cakuɗe, domin littattafanmu na dā ba a ɗinke su. Malam yakan shafa su da yatsa, yana tsoron a ce amanar mahaifinsa a hannunsa ta salwanta. Sai ya tara 'ya'yansa uku, ya ce wanda ya ceci ilimin nan shi zai riƙe gafakar a bayansa.

Zinatu, babbarsu, ta karanci ilimin sinadarai. Shekara biyu tana gwaji, har Allah ya ba ta sa'ar haɗa wani rini mai sauya launi idan haske ya taɓa shi, ya kuma tsaya a haka. Sai an haska shi da wani haske dabam yake komawa yadda yake. Ta shimfiɗa shi hawa-hawa a cikin faifai mai kama da gilashi, wanda bai fi murfin kwano ba. Da ta ɗora wa Malam a hannu, ya yi murmushi ya ce kakarta zane ta rina, ita kuma ga ta tana rina haske.

Ƙasimu, mai bi mata, ya ƙera na'ura mai fitar da tsinken haske wanda ya fi gashi siranta. Hasken yana ratsa faifan ya ɗiga alama a hawan da aka nufa, bai taɓa na sama ba, bai ƙona na ƙasa ba. Ƙasimu ya ɗauki hoton kowace takarda, cikin mako uku akwatuna tara suka shige faifai ɗaya, har da sauran fili.

Ranar gwaji, bayan la'asar, Malam ya zauna a buzunsa ya ce a karanta masa. Shafin farko hukuncin alwala ne, na biye rabon gado, na uku baitocin nahawu. Malam ya jinjina kai ya ce, "Ɗana, ka adana mini ruɗani da kyau ƙwarai."

Yunusa, ƙaraminsu, tela ne. Bai yi nisa a boko ba, amma shekara goma sha biyar shi ke karanta wa Malam. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kun ɗinka hannun riga a ƙafar wando." Zinatu ta ce ya rage baki ya nuna gwanintarsa. Sai ya nuna musu al'adar marubutan dā: a kusurwar ƙasan kowace takarda sukan rubuta kalmar farko ta takardar da ke biye. Inda gara ta cinye kusurwar, ya gane da hannun marubucin da kuma abin da ya haddace a gaban mahaifinsa. Wata bakwai ya rufe shagonsa yana jerawa. Sannan aka shafe rubutun farko, domin rinin Zinatu yana shafuwa, na'urar Ƙasimu ta sake rubutawa.

Da Malam ya ji sharhin mahaifinsa daga basmala har tammat, babu tsallake, hawaye suka jiƙa gemunsa. Ya ɗauko gafakar ya miƙa hannu. Zinatu ta nuna Yunusa, Yunusa ya nuna Ƙasimu, Ƙasimu ya ce ba don rinin Yaya ba da haskensa iska ya haska. Hannun Malam ya tsaya a sama, ga alkawari ya ɗauka, gafaka kuma ba ta rabuwa uku.

To, jama'a, a hannun wa ya kamata Malam Ɗalhatu ya ajiye ta?