Takalmin Zakara a Ƙafar Direba

Akwai wani direban motar haya a nan garinmu Iten, sunansa Sitienei. Shekara ashirin da uku yana jigila tsakanin Iten da Eldoret. A garin da kusan kowane gida akwai mai gudu, shi bai taɓa ɗaga ƙafa ba sai in ruwan sama ya ritsa da shi. Abokansa na tasha kan ce tumbinsa ne ke riga shi shiga mota.

Gaskiya na gaji da ba da irin wannan labarin. Amma duk shekara sai an samu wani ya maimaita shi, don haka ku daure ku karanta.

Wata rana jiri ya ɗebe shi a tasha, aka kai shi asibiti. Likita ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Ta ce ya rage tuwon masara da shayi mai zaƙi, ya fara tafiya a ƙasa, in jiki ya saba ya koma sassarfa.

"Kuma ka kula da ƙafafunka," in ji ta. "Mai irin ciwonka, ɗan rauni kaɗan na iya cinye masa yatsa."

Sitienei ya ji maganar gudu. Ta ƙafa kuwa, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Matarsa Jeptanui ce ta ja shi wajen Maman Jerop, mai sayar da takalman gudu na gwanjo a bayan kasuwa. Duk wanda ya san matar nan ya san ba ta sayar wa sabon shiga takalmi a ranar da ya zo. Sai ta sa ka tsaya a kan kwali, ta zana sawunka da biro. Kuma da yamma take yi, don ta ce ƙafar safe maƙaryaciya ce, sai ta wuni take nuna girmanta na gaskiya. Ranar da ake kwance dilar gwanjo a Eldoret ta tafi da kwalayen, ta zaɓo wa kowa nasa.

Ta durƙusa da kyar, tana dafe da ƙugu, ta zana ƙafarsa ta dama. Sai ta danna bayan biron a kan ƙaramin yatsansa.

"Ka ji?"

"Na ji me?"

Ta dubi Jeptanui, ta yi ajiyar zuciya, sannan ta juya ga Sitienei, ta kira shi da sunan ɗansu.

"Baban Kigen, ƙafarka ta daina kai ƙara. Ko wani abu na cizonta ba za ta gaya maka ba. Kai mai faɗin gaba kake buƙata, mai taushin ƙasa, da sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Ba zai yi kyau ba, ina gaya maka tun yanzu. Ka dawo ranar Asabar."

"Takalmi ma sai an yi masa layi kamar asibiti?"

"Gara layina da nasu," ta ce, tana rubuta sunansa a gefen kwalin.

Kafin Asabar ɗin ta zo, sai ga Tuwei, ƙanin Jeptanui, ya kawo ziyara. Tsohon ɗan tsere ne, ya taɓa cin gasa a Turai, har yau siriri ne kamar sanda. Da ya ji surukinsa zai fara gudu, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya je mota ya ɗauko takalmin da ya ci gasar da shi.

"Riƙe, suruki. Ko zai ba ka ƙarfin gwiwa."

Kun dai san yadda abin yake a wajenmu. In tsohon zakara ya miƙo maka takalminsa, albarka ya miƙo, da hannu biyu ake karɓa. Mai hankali yakan rataye shi a bango, yana kallo yana samun kuzari. Sitienei kuwa a daren farko ya cusa ƙafarsa ciki, da taimakon cokali.

Washegari ya biya ta rumfar Maman Jerop, ya ɗora takalmin a kan teburinta don ta gani.

Ta juya shi, ta lanƙwasa, ta duba ƙasansa.

"Wannan na Tuwei ne. Ga inda yake cin gefe, na san takunsa. Na ranar gasa ne, an yi shi don mutum marar nauyi a kan kwalta, kuma ya gama aikinsa tun tuni. Bakinsa tsukakke ne. Kada ka sa shi, ɗan'uwana."

"Bai matse ni ba."

"Ai ba za ka sani ba. Abin da nake gaya maka kenan."

Mutane sun fara taruwa, shi kuma Sitienei ba ya son a gyara masa magana a gaban jama'a.

"Ke da iyakarki Eldoret za ki koya mini takalmi? Wannan ya taka Turai! Ki riƙe kwalinki ki hura wuta da shi."

Ta tura masa takalminsa. Shekara da shekaru tana faɗa wa mutane magana ɗaya, bakinta ya gaji. Ta mayar da kwalin ƙarƙashin tebur, ta juya ga mai ciniki na gaba.

Haka Sitienei ya fara fita da sassafe a kan jar hanyar da ’yan tsere ke bi. Zancen farawa da tafiya ma bai taso ba, wai mai takalmin zakara ba ya tafiya kamar mai zuwa jana'iza. Ayarin masu gudu kan wuce shi kamar iska, wani ya waiwayo ya yi ihu:

"Kai! Takalmin Tuwei ya samu sabon direba!"

"Ku jira ni a gaba, ina lodi ne!" yake amsawa yana haki.

Daɗi yake ji har cikin ransa. Karon farko a rayuwarsa da garin nan ya lissafa da shi. A nan kam ban ga laifinsa sosai ba, kowa na son a san da zamansa.

Sati uku yana yi. Kullum Jeptanui ta ce ya kawo ƙafar ta duba, sai ya ce, "Maman Kigen, abin da ba ya ciwo me za a duba?"

Ranar da take wanki ne ta ga safarsa ta dama ta manne, ga wani wari. Ta same shi yana shan shayi, ta janyo ƙafar ba tare da neman izini ba. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi. Takalmin ya daɗe yana gurzarsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Kwana goma sha shida ya yi a asibiti. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, suka ceci ƙafar, amma yatsan bai dawo gida tare da shi ba.

Tuwei ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado ya kasa haɗa ido da yayarsa.

"Suruki, cewa na yi ya ba ka ƙarfin gwiwa. Ban ce ka sa ba."

"Na sani," in ji Sitienei. "An gaya mini ma. Ni ne ban ji ba."

Sai da aka yi wata huɗu raunin ya rufe. Likita ta ce ciwon suga dai yana nan, don haka motsa jiki ma yana nan, sai dai yanzu tafiya kawai, a hankali. Wata yamma ya lallaɓa bayan kasuwa shi kaɗai. Ya tsaya a gefen rumfar, ya ce:

"Maman Jerop, na zo a zana."

Ta dube shi, ta dubi ƙafar. Ba ta yi masa gori ba, ko da kalma ɗaya. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo wani takalmi ruwan toka, mai faɗin baki, mummuna kamar yadda ta yi alkawari. An ɗaure shi da igiya tare da wani kwali da ƙura ta rufe. Ta kaɗe ƙurar. Ga sunansa a gefe, ga zanen ƙafarsa ta dama, da yatsu biyar cif.

Sitienei ya ƙura wa kwalin ido.

"Ba ki hura wutar ba."

"Tun waccan Asabar ɗin yake jiranka. Zauna."

Ta zura hannu cikin takalmin ta lalube ko'ina, ko akwai ɗinkin da zai gurje shi. Ta sa masa, ta ɗaure, ta ce ya miƙe. Ta danna gaban da babban yatsanta, sarari ya yi daidai.

"Taka mu gani. Yaya?"

Ya yi taku uku, ya dawo.

"Ya yi. Sai dai kamar akwai sauran wuri a nan gefen."

Maman Jerop ta naɗe igiyar a hannunta, ba ta ɗago kai ba.

"Na mai yatsu biyar na saya, Baban Kigen."

Ya koma ya zauna a kan benci, ya rufe fuska da hularsa. Ita kuma ta ci gaba da jera kayanta, ta ba shi lokaci.

Darasi: Takalmin da ya kai wani ga nasara na iya kai ka gadon asibiti, don zanen aro ba ya rufe katara. In za ka fara gudu, ka zaɓi na ƙafarka da nauyinka da hanyar da za ka bi, ka gwada da yamma, ka bar wa yatsu wuri. In kana da ciwon suga, kada ka jira zafi, ka duba ƙafarka da idonka kullum. Kuma in wanda ya san aiki ya ce maka bari, ka bari, ko da a bayan kasuwa yake zaune. Ku tura wa duk wanda likita ya ce ya fara motsa jiki, tun yatsunsa na cike.