Zabiyar Kududdufi

Dalilin da ya sa in ruwa ya ɗauke kuke jin kwaɗi na ta maimaita abu ɗaya, manya da ƙatuwar murya, ƙanana da siririya, ba rashin baiwa ba ne, yara. Fadanci ne ya jawo.

A da can kwaɗi mawaƙa ne na ji da faɗi, har tsuntsaye na zuwa bakin kududdufi ɗaukar darasi. Zabiyarsu wata 'yar mitsitsiyar kwaɗuwa ce mai suna Tambai. In ta ja baiti, sauro ma tsayawa yake a cafke shi.

Sai aka naɗa Burduddugi sarki. Shi kuwa bawan Allah sauti ɗaya tak ya iya, "gwaaƙ", kamar an ja tsohon ƙyaure. Da ya ga in ya yi waƙa talakawa na nutsewa cikin ruwa su yi dariya, sai ya kafa doka: duk wanda muryarsa ta saɓa wa ta sarki, a jefa shi tudu. A tudu kuwa zalɓe ke tsaye, bai karya ba.

Manyan fadawa suka kumbura wuya suka yi "gwaaƙ", suka tsira. Aka zo kan Tambai. Ta danne murya, ta ƙara dannewa, ina! Maƙogwaron bai kai ƙwayar gero ba. Tsoro ya kama ta sosai.

Sarki ya ce, "Ke zabiya, raini ne?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya isa? Gangarowa wurinka ce ta gagare ni. A bar ni in gwada ta sama."

Ta fara hawa da murya, taki bayan taki, kamar mai hawa tsani, zalɓe na miƙo wuya. Can ƙoli sai muryarta ta faɗa daidai kan ta sarki, suka haɗe. Sautin nan ne dai, sai dai siriri.

Burduddugi ya lumshe ido ya ce, "Allahu akbar! Muryata ce sak, lokacin ina saurayi."

Fadawa suka ce, "Ƙwarai kuwa, mun tuna!" Alhali ba a ƙyanƙyashe ko ɗayansu ba a lokacin.

Nan da nan ƙananan kwaɗi suka bi sawun Tambai, kowa ya nemo sautin sarki a benen da wuyansa ya kai. Ba a jefa kowa tudu ba, zalɓe ya tafi yana tsaki.

Damina bakwai ana haka, Burduddugi ya mutu. Aka taru aka ce, "Tambai, doka ta faɗi, yi mana irin ta da." Ta hau ganyen bado cike da murna, ta gyara zama, ta buɗe baki.

"Ƙwaƙ."

Ta sake. "Ƙwaƙ." Ta juya ta dubi jama'a ko wani zai tuna mata farkon baitin. Ba wanda ya tuna.

Shi ya sa har yau kwaɗi ke rera muryar sarkin da ya daɗe da ruɓewa. In kun kasa kunne za ku ji wata siririya a sama tana yi tana tsayawa. Jikanyar Tambai ce, tana lalubar waƙar kakarta.