Gwanin Babur na Kurawa

Ya 'yan uwa, a nan ƙasarmu ta Gobir, a Kurawa, aka yi wani mutum. Ba za ni faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ke kansa ya ishe shi. Wanda ya gane shi a cikinku ya riƙe bakinsa, ba tonon asiri ya tara mu ba.

Mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba ne, salla ba ta wuce shi. In kuna jiran labarin wani ƙasurgumin fasiƙi don ku gyara zama ku ce ku ba haka kuke ba, to yau kun yi rashin sa'a. Zunubinsa ƙarami ne a idonmu, irin wanda da yawanmu muka aikata yau tun kafin mu karya kumallo.

Ya tafi ci-rani Legas, kamar yadda samarinmu ke tafiya in an gama girbi. Aikin da ya samu tura baro ne a kasuwa, ya ɗauko wa mata doya da albasa ya kai musu bakin mota. Sana'a ce ta halal, guminsa yake ci. Amma da ya zo ganin gida aka tambaye shi a majalisa me yake yi a can, sai ya lura masu kabu-kabu, wato masu haya da babur, su ake saurara in suna hira. Sai bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Kabu-kabu nika yi."

Da ya koma, ya roƙi wani ya bar shi ya zauna kan baburinsa a tsaye, aka ɗauke shi hoto, ya turo gida ta waya. Mahaifiyarsa, Inna Tani, ta sa aka nuna mata, ta sa aka nuna wa maƙwabta. Daga ranar ba ta da hira a gidan suna ko wurin daka sai ta babban ɗanta, wanda ke ratsa manyan motocin Legas da babur ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Shekara ta bi shekara ƙaryar tana ƙiba, shi kuwa ko kunna babur bai iya ba.

Da ya gaji da Legas ya dawo gida gaba ɗaya, aka ce ina babur? Ya ce hukuma ta kama a can. Sai ya kwashe abin da ya tara da baro ya sayi sabo a Sabon Birni. Dabararsa ita ce ya koya a ɓoye, ƙaryar ta zama gaskiya ba wanda ya ji. Haka Shaiɗan ke yi da mu. Ba ya cewa ka halaka kanka, cewa yake ka ɗan ƙara haƙuri, komai zai gyaru ba sai ka ji kunya ba.

Yana da ƙane, Abbas, ɗan kabu-kabu na gaske, mai jigila tsakanin Kurawa da Sabon Birni. Ranar da aka haɗa sabon babur ɗin, ya miƙa wa Abbas makulli ya ce, "Hau ka ɗana, ni na gaji da su." Abbas ya ji daɗi, a ganinsa yayansa ya girmama shi. Ya tuƙo su gida, gwanin Legas na zaune a baya yana satar kallon hannuwan ƙanensa.

Ku dubi halin da ya jefa kansa. Kowa ya sayi babur bai iya ba, yakan sami wani ya zauna bayansa ya kama masa kai, ya faɗi, a yi masa dariya, ya tashi, bayan 'yan kwanaki zance ya wuce. Shi wannan ƙofar da hannunsa ya rufe ta. Mai koya masa, ƙanensa Abbas, na cikin gidansu, kwano ɗaya suke ci. Amma da wane baki wanda ya yi shekaru yana kabu-kabu a Legas zai tambayi ina giya, ina birki?

Sai ya koma koyon sata. Da rana tsaka, in mutane sun shige inuwa, ya turo babur ya fita da shi, wanda ya tambaya ya ce yana tsimin mai. A wani fako bayan gari yake fama shi kaɗai. Ya faɗi ya kuje gwiwa, ya rufe da wando. Babur ya ƙwarzane, ya ja ledar da aka sayo babur ɗin da ita ya rufe wurin. A hankali ya iya tayarwa, ya iya miƙewa, ya iya kwana in fili na da faɗi. Sai ya fara shiga gari yana matsa oda, yana ɗaga wa mutane kai, don bai isa ya saki hannu ɗaya ya gaishe su ba.

Ana nan sai labari ya zo daga Bafarawa cewa ƙanwarsu Bara'atu, wadda ke aure can, ta yi haihuwar fari. Dole Inna Tani ta je suna. Kun san hanyar, kun san halin da muke ciki na 'yan bindiga. Mota ba ta bin dajin nan yanzu, sai babur, shi ma a ayari, ranar kasuwa, a fita da wuri kuma ba a tsayawa a hanya.

Abbas ya ce zai kai ta, kamar yadda ya saba kai ta ko'ina. Ta ce, "A'a, Abbas, ka yi naka. Wanga karo babban ɗana za shi kai ni, mutanen Bafarawa su gan shi da idonsu."

A nan ne fa, ya 'yan uwa, Allah ya buɗe masa ƙofa. Ba wani abu ake nema gare shi ba illa ya ce bai iya ba. Ran mahaifiyarsa za a ɗora masa a baya, ya ratsa daji da yashi, shi da bai taɓa ɗaukar ko akuya ba, bai taɓa nisan da ya wuce bayan gari ba. Ya sani sarai. Sai ya ce, "To, Inna."

Ya shiga shiri, kuma in shiri kawai ake dubawa ba mai kushe shi. Ya cika tanki, ya ƙara mai a jarka. Ya sayi kayan faci da famfo. Ya kai wa makaniki ya ɗaure kowane noti. Ya ninke bargo ya ɗaure a mazaunin baya don kada tsohuwa ta ji gargada. Har buhun gero ya riƙa ɗaurawa a baya yana zagaya fako da shi, wai yana sabawa da nauyin mutum. Buhu kuwa ba ya motsi, ba ya tsoro, ba ya sa tufafi.

Abbas ya same shi yana goge babur, ya rage murya ya ce, "Yaya, yashin gulbin da ke hanyar ga ba kamar kwaltar Legas ba na. Bari in biyo ku baya, ko da wani abu ya taso."

Maganar ta ƙauna ce, amma tsoro ya sa ya ji ta kamar tuhuma. Ya san in Abbas ya bi bayansa, kafin su fita gari zai gane komai daga yadda yake riƙe da kan babur. Sai ya ɗaure fuska ya ce, "Kai za ka koya man babur? Sad da nika ratsa motocin Legas kana ina? Tahi ka nemi abincinka."

Abbas ya ba shi haƙuri ya tafi. Da hannunsa ya kori mutum ɗaya tak da zai iya ceton tsohuwar nan.

Ana gobe tafiya, da la'asar, ya shiga wurinta da niyyar ya faɗa mata. Wannan shi ya gaya mani da bakinsa, kuma na yarda da shi. Ya zauna bakin tabarma, ta dama masa fura, ya buɗe baki ke nan sai ta hau ba shi labarin yadda ta gaya wa matan unguwa wanda zai kai ta, da yadda wata ta ce ita 'ya'yanta ko keke ba su da shi. Tana faɗa tana dariya, fuskarta cike da farin ciki. Ya dube ta, ya haɗiye maganar tare da furar. Ya ce wa kansa tausayinta yake ji. Kunyarsa yake gudu, ya 'yan uwa, ya sa mata sunan tausayi.

Gari ya waye suka bi ayari. Ta sa dogon hijabinta na fita unguwa, ta rungume ƙullin kayan jariri. A kan hanya mai tauri ya yi ta lallaɓawa a can baya, har ya fara jin kamar zai tsira. Sai suka iso mashigin gulbi. Rani ne, ba ruwa, sai yashi mai zurfi. A nan fasinja kan sauka ya taka da ƙafa, mai babur ya ratsa shi kaɗai.

Kowa ya ratsa ya haye. Shi kuwa babur ya mutu masa, ya tayar, ya sake mutuwa, taya na tono tana watsa yashi. Wani daga cikin ayarin ya yi masa ba'a ya ce yau ɗan Legas ya gamu da ubangidansa. Da ƙyar ya turo shi ya haye, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ayari ya riga ya ja gaba, kuma wurin ba wurin tsayawa ba ne. Ya ce, "Inna, hau maza."

Duk wanda ya taɓa ɗaukar mace a babur ya san abin da ake yi a nan. Kafin ka ja, sai ka waiwaya ka ga ta tattara hijabinta da bakin zanenta ta danne. Abbas ko magana ba ya yi, da kansa yake naɗe mata ya tura ƙarƙashinta, har ta saba ba ta kula. Wannan ba a fako ake koyonsa ba, wurin mutane ake koya. Shi bai sani ba. Ko da ya sani ma ba ya iya waiwaya, don in ya ɗauke ido daga gabansa babur karkacewa yake.

Ta hau a gajiye, hannunta na kan ƙulli, bakin hijabi na reto kusa da taya. Ya ja da ƙarfi don ya cim ma ayari. Ba su yi nisa ba taya ta kama hijabin ta fara naɗewa. Ta ji an shaƙe ta, ta kasa magana, ta bugi bayansa. Mai babur na gaske in an bugi bayansa birki yake takawa tun kafin ya tambayi dalili. Shi firgita ya yi, hannunsa ya murɗa totur.

Ba za ni kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Akwai uwaye a bayan labule suna ji.

Aka kai ta asibiti a Isa. Likita ya ce ƙashin wuya ne, daga kafaɗa zuwa ƙasa ba abin da zai sake motsi. Aka dawo da ita Kurawa a kwance. Aka yi suna a Bafarawa babu ita, kuma ba ta taɓa ɗaukar jikan nan da hannunta ba.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne wannan. Duk wanda ya zo dubiya, sai ta ce, "Laihina na, ni ban tattara hijabi ba. Da ba don shi gwani na ba, da nan take na mutu." Yana tsugune yana ba ta kunu a baki, yana ji. Kullum sai ya ce yau zai faɗa mata, kullum sai ya ga ba ta da sauran abin riƙewa a duniya sai wannan alfaharin da take yi da shi. Da can kunya ta hana shi, yanzu kuma abin ya fi ƙarfin bakinsa.

Wata safiya ta sa aka kira shi. Murya ta yi ƙasa, sai da ya kai kunne. Ta ce, "Ka yahe man. Shekaru kana tuƙi ba ka ka da kowa ba, ni na zo na ɓata maka suna."

Ya ce ya yafe. Kun ji? Shi ya yafe mata. Kafin azahar ta cika.

Bayan an share makoki ya zo wurina yana tambaya ko akwai hanyar da mai rai zai nemi gafarar mamaci. Na ce ya tuba, ya yi mata addu'a da sadaka, rahamar Allah ta fi zunubinsa faɗi. Ya ce ya sani, amma ita fa? Ita ta tafi tana ganin ita ta cuce shi.

Ya je ya faɗa wa Abbas gaskiya. Abbas ya saurara har ƙarshe, bai zage shi ba, bai taɓa shi ba, ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Birni. Bara'atu ta aiko cewa kada ya taka mata gida. Shi kuwa tun daga nan kansa bai koma daidai ba. Ba ya noma, ba ya sana'a. Ranar kasuwa yana nan inda masu kabu-kabu ke tsayawa, in ya ga an ɗauki mace sai ya kama hannun fasinja ko na mai babur ya ce, "Ni ban iya babur ba. Baro nika turawa." Baƙi su ɗauka maroƙi ne su ba shi sadaka. Duk kasuwa ta ji, har an gaji da ji, ban da wadda ya kamata ta ji.

Ya 'yan uwa, mene ne wahala a cikin "ban iya ba"? Wa ya taɓa mutuwa don ya faɗe ta? Za a yi maka dariya a majalisa, gobe a sami wani a yi masa. Amma mu mun fi son a ce mun iya da a ce mun yi gaskiya. Akwai mai yi wa mutane allura a cikinmu da bai taɓa koya ba. Akwai mu masu rawani, da in an yi mana tambaya ba mu san amsa ba sai mu gyara murya mu ƙirƙiro. Kowannenmu akwai wanda ya hau bayansa don ya yarda da shi, kuma yawanci wanda ya fi ƙaunarka shi ke fara hawa.

In akwai wata ƙarya da kake kiwo, kuma wanda ka yi wa ita yana numfashi, kada ka bari sai gobe. Tashi daga nan ka same shi tun yana iya ce maka ya yafe.

Allah ya ji ƙan Inna Tani, ya sa jinyarta ta zama kaffara. Allah ya sassauta wa bawan nan nasa, ya mayar masa da hankalinsa. Mu kuma Allah ya tsare harsunanmu daga ƙarya, ya ba mu ƙarfin faɗin "ban iya ba" tun kafin wani ya ɗora ransa a hannunmu. Amin.