Ranar da Ntate Seabata Ya Ƙi Tayar da Mota

Akwai wani direba a garinmu Mokhotlong, can kan duwatsu, Ntate Seabata, Allah ya ji ƙansa. A yarenmu Ntate kamar a ce Baba ne, Mme kuma Mama. Tun hanya ba ta san kwalta ba yake sauka da mutane garin Butha-Buthe a wata tsohuwar mota mai launin toka. Har yau ina jin warin cikinta a hancina: gashin tumaki, man fetur, da burodin tukunya mai ɗumi da mata ke ƙunsowa a tsumma.

Mutum ne marar hayaniya. Amma da hunturu yana da wata doka da ta sa mata ke cin namansa a bayan ido. Duk yaron da zai shiga motarsa, sai an zare fil ɗin da ke riƙe bargonsa an cire masa bargon, an ɗaure shi da bel ɗin kujera a kan rigar sanyi, sannan a lulluɓa bargon daga sama. Shi da kansa ya sayo bel ɗin wurin masu kwance tsofaffin motoci ya ɗaura a kujerar baya.

Mu kuwa, a ga ɗanki ba bargo a watan Yuli, tsakiyar hunturunmu, ke uwar za a zaga.

Wata safiya, bayan an kwana biyu ana zuba dusar ƙanƙara, Mme Manthati ta zo tasha da 'yarta Nthati, mai shekara shida. Tari ya kama yarinyar mako biyu, ƙirjinta har kuka yake, an ce a kai ta babban asibiti can ƙasa, a Butha-Buthe. Barguna uku uwar ta naɗa mata, ta soke da ƙaton fil. Idanu kawai ake gani.

Ntate Seabata ya leƙa ya ce, “Mme, wannan mutum ce ko buhun wake? A kwance ta mu gani.”

“Ba abin da za a kwance. Ba ka ji tarin ba ne?”

“Na ji. Minti ɗaya ne, in na ɗaure ta ki mayar mata da su duka, har da nawa in kina so.”

“Ga bel nan, ka zagayo shi ta kan bargon mana.”

“Sai in ɗaure bargo in bar yarinya. In mota ta girgiza, zamewa za ta yi daga ciki kamar gyaɗa daga ɓawo.”

Manthati ta riƙe ƙugu. Mace ce mai baki, kowa ya san ta. “Ntate, 'ya'ya nawa ka taɓa goyawa? Kai da ko akuya ba ka raina ba za ka koya mini riƙon ɗa?”

Mutanen tasha suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya je ya zauna kan dutse yana shan hantsi.

“Dama rana ba ta gama lasar hanya ba,” in ji shi. “Ni ba na sauri.”

Babu wata motar da za ta sauka ranar, ita ma ta sani. Ta tsaya, ta zaga, ta dawo. Nthati ta yi wani tari mai tsawo har da hawaye. Sai uwar ta fizge fil ɗin tana huci.

“In sanyi ya ƙara shiga ƙirjinta, kai da Allah.”

Ya zaunar da yarinyar a tsakiya, ya ja bel ɗin har ya kwanta a jikinta, ya zura yatsa biyu ya gwada. Ya lulluɓe ta ruf, ya cusa gefen bargon ƙarƙashin ƙafafunta. Da ya juyo wurin uwar, ta ɗaga masa hannu.

“Ni ba yarinya ba ce. Nawa ba mai taɓawa.”

“Ke babba ce, Mme. Na dai faɗa.”

Ta ja bel ɗinta ta kan barguna biyu, sako-sako, ta kau da kai.

Haka suka kama hanya. Shi kuwa yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Da suka fara gangarar dutsen Moteng ya sa ƙaramar giya, ya bar injin yana riƙe motar. Akwai wata kwana a nan da dutse ke tare wa rana, ruwa na tsattsafowa daga jikinsa ya ratsa hanya ya daskare. Ba a ganin ƙanƙarar, sai ka ɗauka jiƙewa ce kawai. Ni har gobe in an zo wurin rufe ido nake yi.

Nan motar ta ƙwace. Bai danne birki ba, ya bi ta da sitiyari a hankali yana kawar da ita daga bakin rami. Ta zame, ta zame, ta je ta daki dutsen da gaba.

Manthati ta sulale daga cikin bel da barguna, bakinta ya haɗu da ƙarfen kujerar gaba. Ba ta ma ji zafi ba. Ta juyo tana laluben 'yarta da hannu biyu.

Nthati tana nan inda aka ajiye ta. Bargonta ne kawai ya tashi ya faɗa gaba.

“Mme,” in ji yarinyar, “ina haƙorinki?”

Ntate Seabata ya zagayo, ya taɓa wuyan Nthati, ya sa ta motsa hannu da ƙafa, ya mayar mata da bargo. Sannan ya dubi uwar, leɓe ya kumbura, jini na ɗiga.

“In kana da magana ka faɗe ta yanzu,” ta ce da ƙyar.

Ya duƙa ya ɓallo ƙanƙara a gefen hanya, ya naɗe a hankici ya miƙa mata. “Ɗora a bakin. Ita ta ɓata, ita za ta gyara.”

Abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba, ranar ko bayanta. Fitila ɗaya ta fashe, amma injin ya tashi. Kafin la'asar suna asibiti, aka kwantar da Nthati kwana biyar, ta warke.

Yanzu Nthati tana da nata 'ya'yan. Manthati ta tsufa, ba ta taɓa yarda an cike mata giɓin ba. Bara na je gaishe ta muna shan shayi, maganar ta taso. Sai ta ce mini, “Ni kujera ce ta tare ni. Ita a tsakiya take, ba komai a gabanta sai gilashi. Shekara talatin ina auna wannan tazarar.”

Darasi: Iyaye mata 'yan'uwana, tsoron sanyi kada ya rufe mana ido. Bel a jikin yaro ake ɗaure shi, ba a kan bargo ko ƙatuwar riga ba. A ɗaure tukuna, sannan a lulluɓe. In kuma direba ya ce a jira rana ta narkar da hanya, a jira. Wanda ya gaya miki gaskiya a kan ɗanki ba raina ki ya yi ba. Don Allah ku tura wa duk uwar da za ta hau hanya da yara a sanyin nan.