Hanyar da Babu Ita a Ƙasa

Abdulhakim mazaunin unguwar Limawa ne a cikin Dutse, yana aiki da wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse. Ba shi da faɗa, ba ya taɓa kayan kowa, amma yana da hali guda: ya tsani tambaya. A ganinsa, duk wanda ya tsaya ya ce “don Allah ina hanya?” ya tona wa kansa asiri.

Da kamfanin ya ba shi na'urar GPS ta hannu, mai nuna wa mutum inda yake a kan taswirar tudu da kwari da hanyoyi, sai halin ya sami wurin zama. Ya daina rage gudu in ya ga dattawa a gindin bishiya. Abokan aikinsa sun sha gaya masa cewa taswirar da ke ciki tsohuwa ce, a ƙauyuka ba ta cika faɗin gaskiya ba. Shi kuwa sai ya ɗaga kafaɗa. A hankali suka daina shiga harkarsa, har abincin rana shi kaɗai yake ci.

Mutum ɗaya ce ba ta gaji da shi ba, yayarsa Zakiyya, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana aure a Tsamiyar Barau, wani ƙauye gaba da Jahun. Tun ranar da aka kai ta bai sake zuwa ba, ranar ma a bayan mota ya zauna bai lura da hanya ba. Ita ce mai kiransa kullum, shi kuma kullum amsarsa ɗaya: “Ina nan tafe, Yaya, aiki ne ya yi yawa.”

Wata safiya a tsakiyar damina, mijinta Malam Gwadabe ya kira shi.

“Abdulhakim, jikin yayarka ya tsananta. Tun asuba sunanka take kira. In da hali ka taso yanzu.”

“Ga ni nan, Malam.”

“Ka biyo kwalta har Jahun. In ka zo tasha ka tambayi 'yan acaɓa, don ruwan bana ya sauya mana hanya.”

“Kada ka damu, ina da taswira.”

Ya hau babur ɗinsa. Bayan ya wuce Kiyawa ya tsaya ya duba na'urar. Ta nuna masa wata hanya da ta bar kwalta ta ratsa gonaki, ta miƙe sak zuwa ƙauyen, ƙasa a shimfiɗe, babu rafi babu kwari. Ta fi ta Jahun gajarta nesa ba kusa ba. A bakin mararrabar akwai mutane zaune a rumfar mai faci. Ya dube su, ya tuna gaisuwar da za a ja kafin a kai ga magana, ya karya kan babur ya shiga.

Da farko hanyar ta yi kyau. Daga baya ta tsuke ta zama ta ƙafa, gero ya rufe ta dama da hagu, ya fi shi tsayi. Can sai ya ja birki da ƙarfi. A gabansa wani kwazazzabo ne mai zurfi da ruwa ya haƙa, jan ruwa yana gudu a ƙasansa. Ya duba na'urar. Ga ɗigon da ke nuna shi a tsaye daidai kan hanya, hanyar kuma ta wuce gaba lafiya lau.

Komawa baya zai zama amincewa ya yi kuskure, don haka ya bi gefen kwazazzabon yana neman mahaya. Ya samu, ya tsallaka da ƙyar. Inda taswirar ta ce fili ne, sai ya tarar da jigawa, yashi ya riƙe tayoyin. Inda ta ce tudu ne, sai ga fadama cike da ruwa. Ya kewaya, ya sake kewayawa, har man babur ɗin ya ƙare.

Ya zaro waya, babu sabis. Ya tsaya ya saurara. Babu muryar mutum, babu kukan akuya, sai ganyen gero da ke kaɗawa. Ya ɗaga murya ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Na'urar tana hannunsa, tana gaya masa inda yake a duniya daidai, amma ba ta san ƙasar da yake takawa ba.

Ya jingine babur a jikin wata gawo ya ci gaba da ƙafa. Ya yi azahar a kan yashi shi kaɗai. Yana tafe yana tuna yadda Zakiyya take goya shi zuwa rijiya, da yadda take ɓoye masa ƙanzon tuwo. Yana ta tsara abin da zai ce mata in ya isa. La'asar ta yi, ya jiyo kiran salla daga nesa, iska ta ɗauke shi kafin ya gane ta ina ya fito.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya faɗa wani burtali, ya ci karo da wata mata ɗauke da itace. Ya gaishe ta, muryarsa a dishe.

“Inna, don Allah ina hanyar Tsamiyar Barau?”

“Ka juya mata baya, ɗan nan. Bi burtalin nan ta gabas, kada ka bar shi.”

Tambayar da amsar ba su ɗauki komai ba.

Ya isa ƙauyen ana shirin magariba, wandonsa duk taɓo. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidan, maza a zaune shiru. Malam Gwadabe ya taso ya riƙe hannunsa.

“Sai haƙuri. Allah ya karɓi abarsa bayan azahar. Mun jira ka har la'asar, sannan muka kai ta.”

“Ta ce wani abu?”

“Ta sa an juya mata shimfiɗa tana kallon ƙofa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ce a duba.”

Ba wanda ya yi masa faɗa, ba wanda ya tambaye shi inda ya tsaya. Ya roƙi a nuna masa makabarta. Malam Gwadabe ya raka shi har bakin shinge, ya nuna masa, ya koma. Abdulhakim ya durƙusa gaban ɗanyar ƙasar. Duk maganar da ya tsara a hanya tana bakinsa, babu mai jin ta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, na'ura abar taimako ce, amma abin da aka zuba mata kawai ta sani. Ruwa yana haƙa kwari, yashi yana cinye hanya, taswira kuwa tana nan yadda aka zana ta. Wanda zai shiga ƙasar da bai sani ba, ya duba na'urarsa, sannan ya tsaya ya yi sallama ya tambayi masu wurin. Girman kan da ke hana mutum tambaya yakan raba shi da mutane tun kafin ya ɓatar da shi a daji, kuma wani jinkirin ba a rama shi.