Sunan da Za a Raɗa wa 'Yar Suwaiba

Ga ta nan gare ku, kuma ba ta dariya ba ce. A kife wayoyin nan a tabarma. Wanda bai ji farko ba kada ya sa baki a ƙarshe, don akwai shari'ar da za ku yanke.

A wani gari na bakin fadama, inda wutar lantarki ke leƙowa ta koma ba sallama, an yi wata yarinya mai suna Suwaiba. Tun tana tallar gyaɗa ciwon suga ya kama ta. Ba irin na tsofaffi masu teɓa ba, wanda ake lallaɓawa da ƙwaya da rage shayi. Nata shi ne wanda likitoci ke kira nau'i na farko. Jiki ya daina yin abin da ke kai suga inda zai yi amfani, sai dai a zuba masa daga waje da allura, kullum, har ƙarshen rai. Ruwan allurar sunansa insulin. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ku riƙe ta don za ta dawo: in an yi allura, a ci abinci. In aka yi allura ba a ci ba, suga ya faɗi ƙasa, mutum ya bi shi.

Suwaiba ta girma da allurarta, ta auri Sallau mai gyaran keke, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Cikin farko ya zube. Na biyu ya yi nisa, har an fara ɗinkin riguna, ya zo babu rai. Da na uku ya shiga ba ta gaya wa kowa ba sai da zane ya daina ɗauruwa. In ta bi ta rumfar kayan jarirai a kasuwa, sai ta kau da kai. Ba ta roƙon Allah gida ko sutura. Kukan ɗa kawai take so ta ji a ɗakinta.

Ta farko a cikin matan da za ku auna ita ce Likita Ramlatu, ta wani babban asibiti a birni. Ita ba duba marasa lafiya kaɗai take yi ba, bincike take yi. Ta gaji da ganin mata irin Suwaiba suna komawa gida da zanen goyo a naɗe. Akwai wani ɗan maɓalli da ake manna wa mutum a damtse, ba ya fi murfin kwalba, yana auna suga dare da rana yana aika wa waya. In suga ya hau waya ta yi kuka, in ya faɗi ta yi kuka. Likita na so ta sani, ba da ji-ta-ji-ta ba, ko wannan abu zai tsare cikin matanmu, da tuwonmu da zafinmu da nisan asibitinmu. Ta tara matan, ta faɗa musu gaskiya: rabi za a manna musu maɓalli, rabi za su ci gaba da tsaga yatsa suna aunawa kamar da, kowa da allurarta da kulawarta, a ƙarshe a gwada a gani. Wadda ba ta so ta tafi, ba a fushi da ita. Kuma ba ita ce za ta zaɓa ba, ƙuri'a ce.

Wata a cikin matan ta ce, "To, likita, in kin san abin yana da amfani, me ya hana ki ba mu duka?"

Ta ce, "Da na sani, da ban tara ku ba. Sanin nake nema."

Ƙuri'a ta faɗa wa Suwaiba. Ba a jima ba maɓalli ya tona abin da shekaru suka ɓoye. Duk sa'ad da kwalbar allura ta kwana biyu a ɗaki, sai suga ya yi ta hawa ko da Suwaiba ba ta ƙara loma ɗaya ba. Likita ta bi sawun abin har ta gane cewa zafi ke kashe maganin. Ga shi a ido garau kamar ruwan rijiya, amma ƙarfinsa ya tafi. Watakila abin da ya ci cikin nan biyu ke nan. Da Suwaiba ta ji haka ta zauna a bencin asibiti ta yi kuka, don ta daɗe tana zaton laifinta ne. Gidansu ba firiji, ko da akwai ma ba wuta. Likita ta ce ta ji ana sanyaya magani a tukunyar ƙasa, amma ita ba ta iya gini ba, a nemo wanda ya iya.

Nan ta biyu ta shigo, Gwaggo Sa'ade, ƙanwar mahaifin Suwaiba, maginiyar tukwane. Mace ce mai faɗa, ba ta yarda da asibiti ba, maɓallin ma "layar Nasara" take ce masa. Amma da aka ce mata zafi ke kashe 'ya'yan ɗiyarta, ba ta tsaya gardama ba. Ta gina babbar tukunya da ƙarama, ta sa ƙaramar a cikin babbar, ta cika tsakaninsu da yashin rafi, ta jiƙa, ta rufe da buhu mai laima, ta ajiye a inuwar zaure inda iska ke ratsawa. Sannan ta kwaso kayanta ta tare a gidan. Ginin tukunya na kwana kaɗan ne, wahalar tana wajen jiƙawa. Bazara ta zo, rijiyar unguwa ta ƙafe, ana bin layi a bakin fadama. Tsohuwar nan da ciwon gwiwarta take ɗauko tulu, ta shayar da yashi kafin ta jiƙa maƙogwaronta. Ita take tuƙa tuwo, ta yanka da mara guda wadda ba ta canzawa, don allura ta dace da loma. Ta bar sana'arta, masu sayen tukwane suka koma wajen wata. Ko sau ɗaya yashin nan bai bushe ba. Suga ya daidaita, ciki ya zauna, ya wuce inda na baya suka tsaya.

Ta uku ita ce Hansatu, mai kitso a bayan masallacin Juma'a na garin. Ita ma ciwonsu ɗaya, ita ma da ciki, mota ɗaya suke shiga zuwa birni. Amma ƙuri'a ba ta faɗa mata ba. Yatsunta duk sun yi kanta da tsaga. Tun ranar ta ɗauke wa Suwaiba wuta. In sun haɗu a mota sai ta ce, "Matar maɓalli, a matsa mana, mu 'yan rakiya mu samu wuri." Suwaiba ta kan ji abin har ƙashinta, don ta san da ita ce aka bari, da ba ta fi haka ba. Abu ɗaya Hansatu ba ta rabuwa da shi: gutsuren mazarƙwaila a ƙulle a bakin zane. Tunda ba ta da wayar da za ta yi mata kuka, jikinta take saurara. In ta ji rawar hannu da zufa mai sanyi, sai ta kwance ta jefa a baki. Wannan gutsure shi ne ranta.

Yanzu ga ranar da ta haɗa su. Ciki ya tsufa. Da azahar Gwaggo ta sauke tuwo, Suwaiba ta yi allurarta, ta wanke hannu, ta buɗe kwano. Ba ta kai loma baki ba sai ga sallama. Uwar Sallau ce da yayyensa mata, sun taso daga ƙauye duba mai ciki. Suka shigo ɗaki suka baje. Kun san tarbiyya. Yarinyar kirki ba ta tauna abinci a gaban uwar miji. Suwaiba ta rufe kwano ta tura ƙarƙashin gado, ta durƙusa tana gaisuwa. Ta ce a ranta yanzu za su fita tsakar gida. Ba su fita ba. Aka gaida gona, aka gaida awaki, aka shiga labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu. Waya ta fara kuka. Uwar miji ta ce, "Wannan abu naku ba ya gajiya?" Kunya ta rufe Suwaiba, ta cusa wayar ƙarƙashin katifa. Ta san ƙa'ida sarai, ita da ta girma da allura. Amma kwano yana bayan ƙafar surukarta, kuma bakinta ya ƙi furta cewa tana jin yunwa.

Hannu ya fara rawa. Zufa ta karyo. Ta ga fuskokin baƙi suna nisa kamar ana janye su. Ta buɗe baki ta ce wani abu, maganar ta fito a karkace, ta sulale gefe.

Ɗaki ya rikice. Wata ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Wata ta ce, "Ba ciwon suga gare ta ba? Ai sugan ne ya hau!" Gwaggo Sa'ade, wadda take can tana dama wa baƙi fura ba ta san ba a ci tuwon ba, ta ji an ce suga ya hau. Ta ruga zaure, ta buɗe tukunyarta, ta zuƙo allura. Maganin nan da ransa, da cikakken ƙarfinsa, don ita ta tsare shi. Da ya shiga jikin Suwaiba a wannan lokaci, da uwa da ɗa sai dai a yi musu wanka ɗaya.

Amma maɓallin ba wa wayar Suwaiba kaɗai yake kai ƙara ba. Likita ta haɗa shi da tata. Tana tsakiyar cin abinci a birni ta ga suga yana gangarawa ba tsayawa. Ta kira Suwaiba, waya na ƙarƙashin katifa. Ta kira Sallau, ya tafi sayo kayan keke inda ba sabis. Mota ba za ta kai ta ba sai an yi la'asar. Sai ta tuna mace ɗaya a garin da ta san wannan ciwo daga ciki, matar da ƙuri'arta ta hana maɓalli. Ta kira ta.

Hansatu na tsakiyar kitso. Ta bar kan mutane a tsefe, ta fita ba mayafi, da cikinta a gaba, tana gudu a rana. Ku sani gudu yana cin suga, kuma ita ma ta yi allurarta. Ta faɗa ɗakin daidai Gwaggo ta ɗage hannun rigar Suwaiba. Ta buge allurar ta faɗi.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar wace ce da za ki doke mini hannu?"

"Ki zage ni an jima, Gwaggo. Ta ci abinci?"

Uwar miji ta duba ƙarƙashin gado, ta ga kwano a rufe, ta dafe ƙirji.

Hansatu ta kwance bakin zanenta. Nan mata suka yi caa: za ta ba mai ciwon suga zaƙi, za ta ƙarasa ta! Ba ta kula su ba. Ta murƙushe mazarƙwailar, ta kwantar da Suwaiba a gefe, ta riƙa goga mata a cikin kumatu da yatsa, tana kiran sunanta. Nata hannun ma rawa yake yi, kowa na gani, kuma ba ta rage wa kanta ko ƙwaya ba. Can Suwaiba ta motsa, ta buɗe ido, ta ga surukarta a kanta. Abin da ta fara yi shi ne laluben ɗankwali. Hansatu ta ce, "Kunyar nan taki, ki dafa ta ki ci." Tana faɗa ta zube, sai da aka ɗura mata furar baƙi.

Suwaiba ta haihu a asibitin birni. 'Ya mace, da kuka mai ƙarfi har ana ji a baranda. Likita ta gaya mata gaskiya kamar yadda ta saba: jikinta ya wahala, kada ta sa ran wani cikin. Sallau ya zo zai yi wa jaririya huɗuba, ya tsaya, ya ce, "Ke kika sha wuya. Faɗi sunan da kike so." Uwarsa ma ta ce ta yafe nata, a ba wadda ta fi cancanta.

Har ranar suna ta zo, Suwaiba na kwance a gida da 'yarta a ƙirji tana juya abin. In ta ce Ramlatu, ai ba don ita ba da ba a gane zafi ke kashe magani ba, kuma da ba wanda ya kira kowa a ranar. Amma aikinta ne, sunanta zai ɗaukaka da binciken, kuma ita ce ta iya kallon mace mai ciki ta bar ta ga ƙuri'a. In ta ce Sa'adatu, sunan Gwaggo na yanka, ai ita ta ɗauki tulu duk bazara, ta rasa sana'arta, ba wanda ya sa ta. Amma jininta ce, kuma hannun nan nata ne ya kusa kashe su. In ta ce Hansatu, ai ita ta ba da abin da take tsare ranta da shi, ga wadda ta samu abin da aka hana ta. Amma yini ɗaya ne, bayan watanni na gaba da baƙar magana, kuma sai da aka kira ta.

Kada wani ya ce a jera wa yarinya suna uku, ba buhu ba ce. Kada wani ya ce a jira ƙannenta, kun ji abin da likita ta ce. 'Ya ɗaya ce, rago ɗaya, suna ɗaya, kuma liman yana zaure yana jira.

To, ku da kuka yi karatu, sunan wace ce a cikinsu za a raɗa wa 'yar Suwaiba?