Dodon da Ya Ari Fuskar Ɗantala

Ga ta nan ta iso ƙofarku!

Ta shigo mu ji ta!

Wai an yi wata tsohuwa, Barmani. Ɗanta Ɗantala zai tafi fataucin goro Gwanja, ga matarsa ta rasu, sai ya kawo mata 'yarsa Dudu. Ya ce, "Inna, kada ki ba kowa yarinyar nan sai ni."

To, akwai Dodo a kurmi, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan Dudu. Dodon nan gwanin aro ne, sai dai abu ɗaya yake iya ɗauka a lokaci guda.

Ya je rijiyar da Ɗantala ya sha ruwa, ya kwashi fuskarsa daga kan ruwan, ya shafa. Ya zo ya ce, "Inna, ba ni Dudu."

Barmani ta duba, fuska ta ɗanta ce sak, amma murya kamar ana jan turmi. Ta ce, "Fuska ta iso, murya tana hanya. Koma ku taho tare."

Ya je dutsen da Ɗantala ya yi kira, ya ɗauki muryarsa, ya rufe fuska da rawani. "Inna, ba ni Dudu."

Sai da zuciyarta ta motsa. Amma ta ga yana tafe yana jan ƙafa kamar kada. Ta ce, "Murya ta iso, tafiya tana hanya. Koma ku taho tare."

Ya kwashi sawun Ɗantala a rairayi, ya taho da takunsa, fuska a rufe, baki gum. Ta ce, "Ɗana ba ya shigo mini ba sallama." Ta jawo taɓarya, Dodo ya ranta a na kare.

Shekaru suka shuɗe. Ran nan da hantsi ga wani ramamme a ƙofa. Cutar agana ta ci fuskarsa ta bar masa zanzana, tari ya dushe muryarsa, yana ɗingishi. Ya ce, "Inna, ina Dudu?"

Tsoro ya kama Barmani, tsoro na gaske. In ta ba shi, ƙila Dodo ne. In ta kore shi, ƙila ɗanta ne.

Ta ce, "Ɗago kai." Ƙarƙashin zanzanar, idanun nasa ne.

Ta ce, "Sake kirana." Cikin dushewar, yadda yake jan "Inna" nasa ne.

Ta ce, "Taka zuwa rumbu." Cikin ɗingishin, kafaɗar hagu tana gaba, yadda ya saba tun yana tatata.

Ta haɗa alamun nan a ranta. Dodo yakan zo da abu ɗaya lafiyayye. Wannan ya zo da uku, kowanne ya sha wuya, amma duk na mutum ɗaya ne.

Ta fashe da kuka ta ce, "Dudu, fito, ubanki ya dawo. Kawo masa ruwa."

Ƙurunƙus, na jefa kan ɓera bayan danga. Yara, kada alama ɗaya ta sa ku buɗe ƙofa, kada kuma rashin ɗaya ya sa ku kori naku.